Gano Ƙwayar Cutar da ke Shanye Jinin Kyanwa ta Hanyar Gwajin PCR: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu kiwon kyanwa, da ɗaliban likitancin dabbobi, da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje idan ana maganar ƙarancin jini a kyanwa. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi. Wanda kyanwarsa ke kwance a yanzu, ya fara duba tambaya ta 3 da ta 9.

1. Wace ƙwayar cuta ce take shanye wa kyanwa jini?

Wani dangin bakteriya ne da likitocin dabbobi ke kira hemofilasma. Ba sa shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini, a bayansu suke maƙalewa. Ƙanana ne ƙwarai, ko ɗaya bisa dubu na milimita ba su kai ba, kuma ba su da taurin bangon da sauran bakteriya suke da shi. Shi ya sa fenisilin da danginsa, waɗanda bangon suke rushewa, ba sa yi musu komai.

Iri uku ne aka fi sani a kyanwa. Mycoplasma haemofelis ita ce uwar ɓarna, tana iya kayar da kyanwa mai cikakkiyar lafiya. Candidatus Mycoplasma haemominutum ita aka fi samu a kusan ko'ina aka yi bincike, amma da wuya ta jawo ciwo mai tsanani ita kaɗai. Ta ukun ita ce Candidatus Mycoplasma turicensis. Ba wai shan jinin suke yi ba. Idan suka manne wa ƙwayar jini sai garkuwar jiki ta ɗauke ta a matsayin baƙuwa, saifa da hanta su tace ta su halaka ta. Wani lokaci garkuwar kan wuce gona da iri ta haɗa har da lafiyayyun ƙwayoyin.

2. Me ya sa tsofaffin littattafai suke kiranta Haemobartonella felis?

Domin da wannan sunan aka san ta kusan shekara hamsin. A 1942 aka fara ba da labarin ganinta a jinin wata kyanwa a Afirka ta Kudu. A 1953 wasu masu bincike biyu, Flint da Moss, suka bayyana ciwon a Amurka, bayan shekara biyu aka raɗa mata Haemobartonella felis, aka jera ta cikin wani dangin bakteriya da ake kira riketsiya saboda kamanninta a madubin likita. Daga baya masu bincike suka lura akwai babba da aka samo a Ohayo, da ƙarama da aka samo a Kalifoniya.

Sai da aka iya karanta ƙwayar gadon da ake kira 16S rRNA sannan gaskiya ta fito: ba riketsiya ba ce, 'yar gidan Mycoplasma ce, kuma babbar da ƙaramar jinsi biyu ne daban. A 2001 aka sauya sunayen. Ta ukun kuwa a Zurik ta ƙasar Suwizalan aka gano ta a 2005, kuma ba da ido aka gan ta ba, ta hanyar DNA ɗinta aka san da zamanta.

3. Ta yaya zan gane kyanwata tana fama da ƙarancin jini?

Ɗaga leɓenta ka duba dasashinta. Na lafiyayya ja ne mai haske, na mai ƙarancin jini kuwa fari fat yake komawa. Za ka ga kasala, ƙin cin abinci, rama, numfashi sama-sama da bugun zuciya da sauri. Zazzaɓi kan zo ya tafi, zafin jiki ya haura digiri 39.2. Wasu sukan riƙa lasar ƙasa ko siminti. Likita kan ji saifa ta kumbura idan ya taɓa cikin.

Abin da ke tabbatarwa shi ne awon kaurin jini da ake kira PCV. A kyanwa mai lafiya yakan tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 45 cikin 100. A ciwon M. haemofelis yakan faɗi ƙasa da 20, wani lokaci har ƙasa da 10. Amma duk waɗannan alamun ƙarancin jini kawai suke nunawa, ba sa faɗin abin da ya jawo shi. Duba tambaya ta 10.

4. A ina kyanwa take ɗauko ta?

An daɗe ana ɗora wa ƙuma laifi, kuma lalle ana samun DNA ɗin ƙwayar cutar a jikin ƙumar da ta sha jinin mai ɗauke da ita. Sai dai da aka gwada a ɗakin bincike, ƙuma ba ta nuna ƙwazo wajen yaɗa ta daga kyanwa zuwa kyanwa ba. Abin da hujja ta fi karkata gare shi shi ne faɗa, wato cizo da yakushin da ke sa jinin wannan ya shiga jikin wancan. Hakan ya yi daidai da abin da aka sha gani a ƙasashe daban-daban, cewa muzurun da ke yawon dare ya fi kamuwa a kan macen da ke zaune a gida. Hanyar da ba a jayayya a kanta ita ce ƙarin jini, kamar yadda za a gani a tambaya ta 14.

5. Ba za a iya ganin ta a madubin likita ba ne? Me ya kawo gwajin DNA?

Ana iya gani, amma sai an yi sa'a. A kan gilashin da aka shafa wa jini aka rina, takan fito kamar ɗigo-ɗigo shuɗaye a gefen jajayen ƙwayoyin jini, ɗaya-ɗaya, ko bibbiyu, ko a jere kamar sarƙa. Matsalar ita ce yawanta a jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau ka ga ta cika gilashin, gobe ko jibi ka nema ka rasa, alhali kyanwar tana nan cikin ciwo. Sannan idan jinin ya daɗe a kwalba kafin a shafa shi, sai ƙwayoyin su saki jajayen ƙwayoyin jinin su zube. Binciken da ya kwatanta hanyoyin biyu ya nuna madubi yana rasa fiye da rabin waɗanda PCR, wato gwajin neman DNA ɗin ƙwayar cutar, ke kamawa.

Kuskuren ta ɗaya gefen ma yana nan, kuma a ganina ya fi yawa. Gurɓataccen rinin da ba a tace ba yakan bar ɗigo a kan gilashi. Shafin da bai bushe da kyau ba yakan bar ƙyalli-ƙyalli. Akwai kuma ragowar cibiyar ƙwayar jini da ake kira jikin Howell-Jolly, wanda kyanwa lafiyayya ma tana da shi. Mai gaggawa sai ya ga ɗayan waɗannan ya rubuta cewa ya ga ƙwayar cuta. Ko da ƙwararre ne ya gan ta da gaske, ba zai iya rantsuwa a kan wace ce daga cikin ukun ba, alhali a nan hukuncin yake. Ita turicensis ma ba ta cika yawan da za a dogara da ganin ta a madubi ba.

6. To me ya hana a rene ta a ɗakin gwaji kamar sauran bakteriya?

Har yanzu ba wanda ya yi nasarar renon ta a wajen jikin dabba. Da aka karanta dukkan DNA ɗin M. haemofelis a 2011, a Biristol ta Ingila da kuma Amurka, an tarar tsawonsa wajen harafi miliyan 1.15 ne kacal (harafi a nan shi ne kowane ɗan tubalin da ke jere a zaren DNA), kuma ta rasa hanyoyin haɗa abubuwa da dama da take bukata don rayuwa. A jikin mai masaukinta take samun su. Tunda ba ta renuwa, ba ta kuma ganuwa yadda ya kamata, sai neman DNA ɗinta ya zama hanyar da ta rage.

7. Yaya gwajin PCR yake aiki?

Mutane da yawa a lokacin korona suka fara jin sunansa, amma tun 1983 Kary Mullis ya ƙirƙiro shi, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1993. Aikinsa shi ne ya nemo wani ɗan yanki na DNA ya yi ta ninka shi har ya kai yawan da za a iya gani.

Da farko ana tsamo duk DNA ɗin da ke cikin jinin, na kyanwar da na duk abin da ke tare da ita. Sai a zuba wasu gajerun zaren DNA guda biyu da ake kira firaima, waɗanda aka ƙera don su manne wa 16S rRNA na hemofilasma kaɗai. Injin ya ɗaga zafi zuwa wajen digiri 95 don zaren DNA ya rabu biyu, ya sauko zuwa 55 ko 60 firaima su manne, sannan wani sinadarin da ake kira Taq ya gina sabon kwafi. An samo wannan sinadarin ne daga wata bakteriya da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafin injin ba ya kashe shi. Kowane zagaye yana ninka adadin sau biyu. Zagaye 30 kan mai da kwafi ɗaya kusan biliyan ɗaya, kuma yawanci ana yin 35 zuwa 45.

An zaɓi 16S rRNA ne saboda kowace bakteriya tana da shi, kuma wasu sassansa iri ɗaya ne a dukkan dangin, wasu kuma sun bambanta daga jinsi zuwa jinsi. Mai ƙera firaima yana iya nufar sashen da ya haɗa su don ya kama kowace hemofilasma, ko sashen da ya raba su don ya kama jinsi ɗaya tak.

8. Mene ne bambancin PCR na da da wanda ake kira qPCR?

A na da, sai an gama zagayen duka a zuba abin da aka samu a cikin wani ruwan danƙo mai daskarewa, a ja shi da lantarki, a duba ko layi ya fito a inda ake tsammani. Amsarsa akwai ko babu ce kawai. Wani gwaji da aka wallafa a 2001 yana raba haemofelis da haemominutum ta tsawon layin, ɗaya harafi 170, ɗaya 193. Tazarar ƙarama ce, sai mai ido, kuma an tsara shi tun kafin a san da jinsi na uku.

A qPCR injin yana auna wani haske da ke ƙaruwa yayin da kwafi ke ƙaruwa, ba sai an buɗe kwalba ba. Zagayen da hasken ya fara bayyana shi ake kira Ct. Idan lambar ƙarama ce, ƙwayar cutar tana da yawa tun farko. Idan babba ce, kamar 36 ko 38, 'yar kaɗan ce. Tazarar zagaye 3.3 tana nufin ninki goma, don haka jinin da ya ba da 20 ya ninka wanda ya ba da 30 kusan sau dubu. Wannan adadin shi ne babbar fa'idarsa, domin da shi ake fassara sakamako a tambaya ta 10, da shi kuma ake bin sawun magani a tambaya ta 13.

9. Wane irin jini ake bukata, kuma yaushe ake ɗiba?

Jini cikakke ake so, ba ruwansa da aka tace ba, domin a jikin jajayen ƙwayoyin take. Rabin mililita zuwa ɗaya ya isa. A sa shi a kwalbar EDTA mai murfi ruwan shanshanbale. A guji mai koren murfi, domin hefarin da ke cikinta yana hana sinadarin PCR aiki. A ajiye a firji idan za a aika cikin 'yan kwanaki, a daskarar idan zai daɗe, a kuma yi tafiya da shi cikin ƙanƙara. Idan ana son duba shi a madubi, a shafa gilashin nan take kafin jinin ya shiga kwalba.

Lokacin ɗiba shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi. A ɗibi jinin kafin ƙwayar magani ta farko ta shiga cikin kyanwar. Kwana kaɗan na doksisaikilin, maganin da ake bayarwa don wannan ciwon, sun isa su sa adadin ya faɗi ƙasa da abin da injin zai gani. Ba a ce a jinkirta magani har sakamako ya dawo ba. A ɗiba, a ajiye, a fara magani a ranar.

10. Sakamako ya nuna akwai ƙwayar cutar. Ke nan ita ce ta jawo ƙarancin jinin?

Ba lalle ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Ganin mutum a wurin da aka yi sata bai mai da shi ɓarawo ba. Kyanwa da yawa suna ɗauke da hemofilasma wata da watanni, wasu har iya rayuwarsu, suna ci suna wasa. PCR zai kama ta a jikinsu ko da wani abu ne dabam yake kashe su.

Abu uku likita ke haɗawa kafin ya yanke hukunci. Na farko jinsin: haemofelis a kyanwa mai ƙarancin jini abin zargi ce sosai, haemominutum kuwa sau da yawa 'yar rakiya ce, sai a ci gaba da bincike. Na biyu yawanta. Na uku kamannin jinin kansa. Idan hemofilasma ce ke fasa jajayen ƙwayoyi, ɓargo yakan tashi tsaye ya riƙa turo sabbin ƙwayoyin da ba su gama nuna ba, ana ganin su manya-manya masu shuɗi-shuɗi a madubi. Idan jinin ya yi ƙasa kwana da kwanaki amma ɓargo ya yi shiru, to akwai wata matsala ko dai a madadinta ko tare da ita.

Abubuwan da ya kamata a bincika sun haɗa da ƙwayoyin cutar FeLV da FIV masu karya garkuwar kyanwa, waɗanda ake gwada su da ɗigon jini cikin mintuna, da ciwon ƙoda a tsofaffi, da ƙuma ko tsutsar ciki a 'yan ƙanana. Akwai kuma wasu ƙwayoyin cutar da ke kama jinin kyanwa: a Afirka ta Kudu akwai Babesia felis, a Amurka akwai Cytauxzoon felis. Sai kuma guba daga hannun mai gida. Farasitamol yana lalata jinin kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, haka ma albasa da tafarnuwa a ragowar miya suna fasa mata jajayen ƙwayoyi. Idan an ba ta ɗayan waɗannan a gaya wa likita tun farko, kada a ɓoye.

11. Idan kuma ya nuna babu fa?

Idan an ɗibi jinin kafin magani, kyanwar tana tsakiyar ciwo, kuma gwajin yana kama jinsunan uku, to da wuya hemofilasma ce, gara a nemi dalili a wani wuri. Amma babu ɗin tana iya zama ta ƙarya idan an riga an fara magani, ko an ɗiba a ranar da adadin ya faɗi, ko wani abu a cikin jinin ya hana sinadarin aiki. Idan alamun suna ci gaba da nuna ta, a sake ɗiba bayan 'yan kwanaki.

12. Ta yaya zan san ɗakin gwajin ya yi aikin daidai?

Tambaye su abu uku, ba laifi ba ne. Shin suna saka kwalbar da babu DNA a cikinta tare da sauran? Idan ita ma ta ba da sakamako, an samu gurɓata, domin gwajin da ke ninka kwafi ɗaya zuwa biliyan ba ya yafe ɗigon da ya fantsamo daga aikin jiya. Shin suna saka wadda aka tabbatar tana da ƙwayar cutar? Sannan shin suna auna DNA ɗin kyanwar kanta a kowane samfur? Wani gwaji da aka tsara a Biristol yana neman wata ƙwayar gadon kyanwa da ake kira 28S a lokaci guda. Idan shi ma bai fito ba, an san tsamo DNA ɗin ne bai yi ba, ba wai kyanwar ce ta kuɓuta ba.

Takardar da ta ce Mycoplasma kawai ba tare da jinsi ba, rabin amsa ce. A irin wannan hali ana iya aika abin da PCR ya ninka a karanta jerin haruffansa, a kwatanta da waɗanda ke GenBank, rumbun ajiye jerin haruffan DNA. Masu bincike kan karanta kusan dukkan 16S rRNA, mai harafi wajen 1,500, wani lokaci su ƙara da wani da ake kira rnpB don bambanta jinsunan da suka yi kama. Mara lafiya ɗaya a asibiti ba kasafai yake bukatar wannan ba.

13. Mene ne maganinta, kuma sai an sake gwaji bayan an gama?

Doksisaikilin ne na farko, miligiram 10 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, mako biyu zuwa huɗu, bisa umarnin likitan dabbobi. Kada a tura mata ƙwayar a bushe. Takan maƙale a hanyar abinci ta ƙona wurin har ya tsuke, don haka a bi ta da ruwa ko ɗan abinci. Marbofiloksasin da firadofiloksasin su ne madadinsa. Enrofiloksasin yana aiki, amma idan ya wuce miligiram 5 ga kilo yana iya makantar da kyanwa.

Warkewa daban, rabuwa da ƙwayar cutar daban. Jini kan dawo daidai alhali qPCR yana ganin 'yar ragowa. Ga yawancin kyanwa hakan ba damuwa ba ne, PCV ne abin sa wa ido. Inda ake son a kawar da ita gaba ɗaya, wani bincike da aka yi a Zurik aka wallafa a 2018 ya nuna kwana 28 na doksisaikilin, sannan kwana 14 na marbofiloksasin ga waɗanda ragowar ta saura a jininsu, ya share M. haemofelis. Ba a cewa ta tafi da gwaji ɗaya, sai an maimaita sau da dama a makonnin da suka biyo bayan magani. Lafiyayyar kyanwa da aka samu da haemominutum kuwa, ban ga dalilin ɗura mata magani ba.

14. Me ya haɗa wannan gwaji da ƙarin jini?

Idan PCV ya faɗi wajen kashi 12 zuwa 15, ko kyanwar ta kasa tsayuwa, ana iya bukatar ƙara mata jini. Mai bayarwar na iya zama lafiyayya a ido alhali tana ɗauke da ƙwayar cutar, kuma madubi ba zai nuna ba saboda ƙarancinta. Shi ya sa ake son a yi wa duk mai ba da jini PCR. Dole kuma a duba rukunin jinin, A ne ko B ko AB, domin kyanwa mai rukunin B tana iya mutuwa nan take idan aka ƙara mata A, ko da karon farko ne.

15. Mutum yana iya kamuwa daga kyanwarsa?

Abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. A 2008 an ba da rahoton samun DNA mai kama da na M. haemofelis a jinin wani mutum mai ɗauke da ƙanjamau a Birazil, wanda kuma yake da Bartonella henselae, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta yakushin kyanwa. Wannan bai kai a kori kyanwa daga gida ba. Mai raunin garkuwar jiki ya guji cizo da yakushi, ya wanke wurin da sabulu idan ya faru, a kuma riƙa yi wa kyanwar maganin ƙuma. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya sa safar hannu kamar yadda yake yi da kowane jini.

16. A inda nake ba a yin wannan gwajin. Me zan yi?

Samun injin PCR a gari ba ya nufin ana yin wannan gwajin, domin kowace ƙwayar cuta da nata firaima, kuma ɗakin gwajin mutane ba zai ajiye na kyanwa ba. A Najeriya wuraren da ya dace likitanka ya tuntuɓa su ne tsangayoyin likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, sai kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato. A tambaya tukuna ko suna da kayan gwajin hemofilasma kafin a aika jini.

Idan bai samu ba, likita zai yi aiki da abin da ke hannunsa: PCV, sabon shafin jini da tataccen rini, neman alamar ɓargo yana aiki, gwajin FeLV da FIV, da tambayar abin da kyanwar ta ci ko aka ba ta. Idan duk suka nuna fashewar jajayen ƙwayoyi da zazzaɓi a muzuru mai yawon faɗa, fara doksisaikilin hukunci ne mai ma'ana. A daskarar da mililita ɗaya na jinin farko kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 9, a sake auna PCV bayan kwana uku zuwa bakwai. Idan bai fara hawa ba, a koma jerin dalilan da ke tambaya ta 10.